Kowane Abinci Da Mahaɗinsa

Tun fil azal mutane sun gane ba a cin abinci gaya, sai da mahaɗi. Fura sai da nono, ƙosai sai da koko, tsire kuwa in babu yaji da ɗanyar albasa rabin daɗinsa ya tafi. Ba sarkin da ya kafa wannan doka, ba kuwa malamin da ya rubuta ta a littafi. Harshe ne ya yanke shari'ar, jama'a suka bi. Kowace al'umma tana da irin nata haɗe-haɗen, amma da wuya a sami mutanen da suka mai da wannan al'amari ilmi kamar Faransawa. Su a wurinsu, abin da za a sha tare da abinci sai an zauna an yi shawara, kamar yadda a ke shawarar aure. Abin shan nasu kuwa galibi giyar inabi ce.

To, sanannen abu ne Musulmi ba ya shan giya, don Alƙur'ani ya hana, ba kuwa wanda ke kiran mai karatu ya ɗanɗana. Abincin wani gubar wani. Amma yadda manoman wata ƙasa suka sami abin rufin asiri daga cikin tsakuwa, da yadda suka gane abin da ke zama lafiya da ɗan'uwansa a baki, labari ne wanda manomi da makiyayi da mai dafa abinci duk za su tsinci abin amfani a cikinsa. Saboda haka ga labarin wata farar giya mai tsami, da abincin da a ke ci da ita.

A tsakiyar Faransa, kamar tafiyar kilomita 200 kudu da birnin Paris, akwai wani ɗan gari bisa tsauni. Faransawa suna rubuta sunansa Sancerre, amma a baki Sanser su ke cewa. Mutanensa ba su kai 2,000 ba. Daga ƙarƙashin tsaunin kogin Luwar ya bi ya wuce, shi ne kogi mafi tsawo a ƙasar, don tsawonsa ya ɗara kilomita 1,000. Wanda ya tsaya bisa tsaunin nan ya duba, ba abin da zai gani sai kurangar inabi jere reras, ta hau tudu ta gangara kwari, har iyakar ganinsa. Gonakin sun kai wajen hekta 3,000, watau fiye da eka 7,000, suna cikin ƙasar garuruwa da ƙauyuka 14.

Manomin gero in an kai shi wurin nan aka ce ga gona, dariya zai yi. Ƙasar iri uku ce, ba kuwa wadda za ta ba shi sha'awa. Ta fari farin yumɓu ne gauraye da alli, mai danƙo da damina, mai tauri da rani. Ta biyu tsakuwar farar ƙasa ce zalla, har mutum ya rasa inda saiwa za ta kama. Ta uku kuwa dutsen ƙyastu ne, irin wanda mutanen da ke ƙyasta wuta da shi. Wani abin mamaki, in aka fasa ɓurɓushin farin yumɓun nan a kan tarar da 'yan ƙananan ƙumba na teku sun zama dutse a ciki. Masana duwatsu sun ce wajen shekara miliyan 150 da suka wuce wurin nan duka ƙarƙashin teku ya ke, bayan ruwa ya janye aka bar ƙumbar nan cikin laka. Ikon Allah ke nan, yau inda kifi ya yi iyo nan a ke noma.

Kurangar inabi kuwa ba ta son gata. In ta sami ƙasa mai taki da ruwa a wadace, sai ta yi ta zuba ganye, 'ya'yanta su fito da yawa amma lami, ba ɗanɗano. In ta sami ƙasa mai wuya sai ta tura saiwa can ƙasa neman ruwa, ta yi 'ya'ya kaɗan masu ƙarfin ɗanɗano. Farar tsakuwar nan kuma ba ta riƙe ruwa ya kwanta, ga shi tana mai da hasken rana bisa nonnan inabin. An ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa. Mutanen Sanser kam sun dafa nasu.

Irin inabin da su ke shukawa don farar giya iri ɗaya ne tak, sunansa Sauvignon, a baki Sobinyo. 'Ya'yansa ƙanana ne, kore-kore, in sun nuna su yi ɗorawa-ɗorawa. Cikin sanyin hunturu manomi ya kan bi kuranga ɗaya ɗaya yana datse rassa. A watan Afrilu ta yi toho, a Yuni ta yi fure, a Satumba a shiga tsinka. Ranar tsinka ita ce babbar shawarar shekara. Ɗanyen inabi tsami gare shi ƙwarai, yana nuna tsamin na raguwa zaƙi na ƙaruwa. In aka yi gaggawa giyar ta fito da tsami mai kashe haƙori, in aka yi jinkiri kuma ta fito salam, ba kuzari. Tsakanin waɗannan biyu 'yan kwanaki ne kurum.

Da an tsinko sai a matse, a raba ruwan da ɓawon nan da nan. A zuba ruwan cikin manyan tankuna na ƙarfe marar tsatsa, a bar shi cikin sanyi. Daga nan aiki ya koma hannun yisti, irin ƙwayoyin nan masu rai da ke kumbura burodi. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar wajen 1860 cewa su ne ke cinye zaƙin ruwan inabi su mai da shi abin da ke sa maye. A Sanser a kan bar su su cinye zaƙin ƙaf, saboda haka giyar ba ta da zaƙi ko kaɗan. Cikin kashi 100 nata, wajen kashi 13 ne mai sa mayen. Yawancin masu yinta ba su cika sa ta cikin gangar katako ba, don kada ƙanshin itace ya danne na inabin.

Yaya ɗanɗanonta ya ke? Masu shanta sun ce launinta kamar na sabuwar tattaka, da ɗan kore-kore. In an kai ta hanci a kan ji ƙanshin ɓawon lemo, da na ɗanyar ciyawa da aka yanka yanzu, wani lokaci har da na ɗanyen tattasai. Wannan na ƙarshe ba ƙage ba ne, gama masana sun gano sinadarin da ke ba ɗanyen tattasai ƙanshinsa akwai irinsa cikin inabin Sobinyo. Wadda ta fito daga gonar dutsen ƙyastu kuma, su kan ce tana da ɗan ƙauri kamar na ƙyastu in an ƙyasta. A baki kuwa abin da ya fi fitowa shi ne tsami mai kaifi, mai wartsakarwa, wanda ba ya daɗewa yana damun harshe. Wanda ya taɓa tsotsar tsamiya ya riga ya san rabin labarin, don babban sinadarin da ke sa inabi tsami shi ne kuma ke cikin tsamiya. Sauran tsamin irin na ɗanyar tuffa ne. Da sanyi a ke shanta, kamar awo 10 na ma'aunin zafi, galibi kuwa tun ba ta wuce shekara biyu ko uku ba.

To, wannan tsami shi ne dukan sirrin mahaɗinta. Abu mai tsami in ya shiga baki ya kan tsinko yawu, yawun ya wanke maiƙon da ya lulluɓe harshe, sai loma ta gaba ta zo da daɗi kamar ta fari. Gishiri kuma yana kwantar da kaifin tsami. Saboda haka abinci mai maiƙo da ɗan gishiri shi ne abokin zamanta. Mai tuyar kifi da ke miƙa wa mai saye yankin lemon tsami, wannan ilmin ya ke aiki da shi, ko da ya ke bai taɓa jin sunan Sanser ba.

Mutanen bakin kogin Luwar su kan sha ta da 'yan ƙananan kifaye da aka soya rumus, ko da babban kifin kogi wanda aka dafa aka kwarara masa miyar man shanu da 'yar albasa. Mutanen Paris su kan sha ta da jatan lande, da ƙumbar teku wadda su ke ci ɗanya da ruwan gishirinta. Tsamin na kashe ƙarni, yana kuma hana man shanun ginsar mutum. Tana tafiya da gasasshiyar kaza, da ɗanyen ganye da aka yayyafa wa mai, don ƙanshin ciyawar da ke gare ta ya dace da nasu.

Akwai kuma waɗanda ba ta jituwa da su. In aka haɗa ta da jan nama mai romo mai kauri, naman ya kan danne ta, a ji kamar ruwa a ke sha. In aka haɗa ta da abin zaƙi, sai tsaminta ya fito fili ya zama abin ƙi, kamar yadda lemo ke yi wa wanda ya gama shan rake. Barkono mai yawa kuwa, maimakon ta kashe zafinsa sai ta ƙara rura shi. Watau ba tsada ko suna ke sa abu biyu su dace ba. Kowane sai ya bar wa ɗan'uwansa wurin da zai fito.

Amma duk cikin mahaɗanta ba kamar wani ɗan cuku na nonon awaki. Kusa da Sanser, cikin wani kwari, akwai ƙauye mai suna Chavignol, a baki Shabinyol. Gangaren da ke bisa ƙauyen tsananin tsayuwarsa har mutanen wurin suka sa masa suna La'anannun Tuddai, saboda wahalar da mai noma shi ke sha. A ƙauyen nan aka san cukun da a ke kira Crottin. Kalmar a Faransanci tana nufin kashin dabba, amma mutanen wurin sun ce daga sunan wata 'yar fitilar yumɓu aka samo ta, wadda a da a ke zuba cukun cikin kasko mai kamarta. Ɗan dunƙule ne, nauyinsa kamar giram 60, bai cika tafin hannu ba. Da ɗanyen nono a ke yinsa. A bar shi ya yi barci a hankali kamar kindirmo, a tsane ruwan cikin ƙyalle, a zuba a mazubi, a barbaɗa gishiri, sa'an nan a ajiye shi kwana 10 ko fiye. Yana sabo fari ne, mai taushi, da ɗan tsami. In ya yi makonni sai ya ƙanƙance, bayansa ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi gardi da ƙarfin ƙanshi. Wani lokaci a kan gasa shi bisa yankin burodi a ɗora kan ɗanyen ganye.

Cukun nan ya kan manne a dasashi saboda maiƙonsa, tsamin giyar ya zo ya wanke. Tsamin cukun da na giyar kuma ba su faɗa, sai su kwantar da juna, ƙanshin nonon da na inabin su fito sarai. Baƙo in ya ga haka sai ya ce ai dole, tun da ƙasa ɗaya ta haife su, ya zaci tun kaka da kakanni haka abin ya ke. Ashe ba haka ba ne. Masifa ce ta ɗaura wannan aure.

A zamanin da, yawancin inabin Sanser baƙi ne, jar giya a ke yi da shi. Ana nan, a 1863, sai kurangar inabi ta fara bushewa a kudancin Faransa ba a san dalili ba. A 1868 wani masanin tsiro, Jules-Émile Planchon, ya tona saiwa ya tarar da wani ƙwaro ɗan mitsitsi, kamar kwarkwata, ya yi mata caa yana tsotsa. Filoksera a ke kiransa. Daga Amurka ya zo, manne da dashen inabin da aka shigo da shi cikin jirgin ruwa. Ba irin dabarar da ba a gwada ba. Waɗansu suka malala wa gonakinsu ruwa, waɗansu suka yi ta ɗura wa ƙasa guba. Gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga wanda ya samo magani, har abin ya wuce ba wanda ya karɓa. A 1875 Faransa ta sami giya fiye da lita miliyan 8,000, amma a 1889 ko sulusin wannan ba ta samu ba. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare ƙwaron ya iso Sanser, ya bar tuddan nan ƙaf kamar an yi gobara.

Daga inda cutar ta fito, daga nan maganin ya fito. Aka lura kurangar Amurka ta saba da ƙwaron, ba ya kashe saiwarta, sai dai 'ya'yanta ba su da daɗin na Faransa. Sai aka yi musu aure, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro: gindi na Amurka, reshe na Faransa. Har yau kusan dukan inabin Faransa bisa gindin Amurka ya ke tsaye. Da manoman Sanser suka tashi sake dashe, suka ga Sobinyo ya karɓi auren da kyau, ya kuma so ƙasarsu, sai suka ba shi yawancin gonakin. Garin jar giya ya koma na fara.

Amma sabon dashe sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da abin kirki, ciki kuwa ba ya jira. A shekarun nan awaki ne suka riƙe gidaje. Da ma matan manoma su kan ajiye 'yan awaki don nonon gida. Da gonaki suka zama saura sai kiwo ya sami fili, garke ya ƙaru, mata suka dinga yin cuku ana kai wa kasuwa, jirgin ƙasa na ɗauka zuwa Paris. Manomi in ya fita gona, guzurinsa burodi ne da ɗan cukun nan da abin da ya matsa daga gonarsa. Abincin da talaka ya ci don ba shi da wani, shi ne yau attajirai ke nema a manyan gidajen abinci na duniya. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Da suna ya fara fita sai masu algus suka taso, suna zuba kowace irin giya a kwalba su liƙa mata sunan garin da ya shahara. Don haka a 1935 Faransa ta kafa dokar tsare sunan amfanin gona. Farar giyar Sanser ta shiga ƙarƙashinta a 1936, jar a 1959, cukun Shabinyol kuma a 1976. Dokar ta shata iyakar gonakin da ke da ikon ɗaukar sunan, ta faɗi irin inabin da za a shuka, ta kuma ƙayyade abin da za a ɗiba daga kowace hekta. Wannan na ƙarshe ya yi wa manoma ɗaci da fari, don ba mai so a ce masa ya rage amfanin gonarsa. Daga baya suka gane sunan gari dukiyar kowa ce, mutum ɗaya in ya yi ha'inci duk gari ya ja wa asara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa ɗaukar kwalabensu da kansu suna bin gidajen abinci na Paris suna talla. Yau fiye da rabin abin da su ke yi ƙasashen waje a ke kai shi, Amurka ce kuwa babbar mai saye.

Kada a zaci Faransawa ba su san ɓarnar abin da su ke sha ba. A 1956 gwamnatinsu ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a makaranta, a 1991 ta ƙuntata tallanta. Hukumar lafiyarsu ta ƙididdige cewa a 2015 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum wajen 41,000 a ƙasar. A shekarun 1960 abin da ke faɗa wa kowane mutum a shekara ya wuce lita 100 na giyar inabi, yanzu kuwa bai kai rabin haka ba. Daɗin baki bai taɓa hana ciwon hanta ba.

Abin da ke hana manomin Sanser barci a wannan zamani kuwa shi ne sauyin yanayi. Duniya na ƙara ɗumi, kuranga na farkawa da wuri. A 2021 watan Maris ya yi zafi, inabi ya yi toho, sai ga matsanancin sanyi a farkon Afrilu, raɓa ta daskare ta ƙone tohon. Manoma suka kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunya da kunya, tuddai suka yi ja da wuta har gari ya waye, duk da haka amfanin Faransa na shekarar yana cikin mafi ƙanƙanta da aka gani cikin shekaru masu yawa. Zafin rani kuma yana sa inabi ya nuna da sauri, har ana tsinka mako biyu ko uku kafin lokacin da kakanni suka saba. Inabin da ya sha zafi zaƙinsa ya kan yi yawa, tsaminsa ya ragu. In kuwa tsamin nan ya tafi, me zai wanke maiƙon cuku, me zai kashe ƙarnin kifi? Shi ya sa manoma suka shiga barin ganye ya yi wa nonnan inuwa, suna tsinka da sanyin asuba, gangaren da ba ya fuskantar rana sosai, wanda a da a ke rainawa, yanzu ya fara daraja.

Shi dai tsami ba sai cikin giya a ke samunsa ba. Tun ɗaruruwan shekaru masu dafa abinci a Faransa su kan matse ɗanyen inabi tun bai nuna ba, su zuba ruwan a miya, ba tare da ya tsimu ba balle ya sa maye. Mutanen Sham da na Farisa har yau suna yin haka. Inda babu inabi kuwa akwai tsamiya, akwai lemon tsami, akwai yakuwa da zoɓo. Uwargida da ta san ta jefa yakuwa cikin miyar kifi, ko ta dama kunun tsamiya ranar da aka yi ƙosai, ita da manomin Shabinyol malaminsu ɗaya. Abin da ya rage shi ne a san gwargwado, don tsami in ya yi kaɗan maiƙo ya ginshi mutum, in ya yi yawa kuma ya kashe haƙori, a tashi a bar akushi da sauran abinci.